Babi na Bakwai: Tsakanin Gado da Kujera

A babin da ya gabata mun tsaya a bakin gado, muna maganar yadda ake juya mai kwance da yadda ake kare fatarsa daga gyambon kwanciya. To amma babu wanda ake so ya wuni a kwance. Tsohuwar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta tana bukatar a sauko da ita da safe ta zauna a kujera, a kai ta bayan gida, a kai ta wanka, a mayar da ita gado da rana ta ɗan miƙe, a sake sauko da ita lokacin abincin dare, sannan a kwantar da ita. Daga gado zuwa kujera bai fi taku biyu ba. A cikin takun nan biyu ma'aikata da yawa suka rasa lafiyar bayansu, kuma a cikinsu ne tsofaffi kan suɓuce su faɗo ƙasa.

Maganar tamu a Ingila take, sai ɗan leƙe da za mu yi zuwa Amurka, domin a ƙasashen nan ne gidajen kula da tsofaffi suka zama babbar sana'a mai dokoki da masu sa ido. Tun watan Fabrairun 2022, da Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu wannan aiki, dubban 'yan Najeriya suka shiga cikinsa. An rufe ɗauko sababbi daga ƙetare a Yulin 2025, amma waɗanda suka riga suka shiga suna nan suna fama. Kusan kowannensu, tun a makonsa na farko, an tsayar da shi gaban wani inji mai tayoyi da dogon wuya, an ce masa daga yau da wannan ake ɗaga mutum, ba da hannu ba.

Abin da baya ke iya ɗauka

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, tana da lissafin da take auna nauyin da ya dace mutum ya ɗaga da hannu. Ƙarshen abin da lissafin ya yarda da shi fam 51 ne, wato kilo 23, shi ma sai in komai ya zo daidai: kayan akwati ne mai mariƙi, yana manne da jikin mai ɗauka, babu sunkuyo, babu murɗa ƙugu. A 2007 wani masanin hukumar mai suna Thomas Waters ya gwada lissafin a kan ɗaga majinyaci, sai adadin ya sauko zuwa fam 35, kimanin kilo 16. Dalili a fili yake. Mutum ba shi da mariƙi. Ba ka iya manna shi a ƙirjinka domin gado ya shiga tsakaninku. Yana iya zabura, yana iya sandarewa, gwiwarsa na iya sagewa ba zato ba tsammani.

Kilo 16 nauyin yaro ne ɗan shekara huɗu. Ƙafa ɗaya ta mutum mai kilo 100 ta kai haka. Idan ma'aikata biyu suka raba tsohuwa mai kilo 70 a tsakaninsu, kowa ya ɗauki ninki biyu na iyakar da ɗoriya, in ma rabon ya zo daidai, alhali ba ya zuwa. Binciken da William Marras da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 daga Jami'ar Jihar Ohayo ya nuna haka: ko mutum biyu ne suka haɗu a kan majinyaci ɗaya, matsin da ke sauka a gadon bayansu yana cikin haɗari.

Abin da ke ruɗar matashin ma'aikaci shi ne ba ya jin komai a ranar farko, ko a watan farko. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya ba ya lalacewa a ɗauka ɗaya. Kaɗan-kaɗan yake tsagewa, ya warke da tabo, ya sake tsagewa. Yau da gobe ba ta bar komai ba. Wata safiya mutum zai sunkuya ɗaukar takalmi ya kasa miƙewa, ya ɗora wa takalmin laifi.

Shi ma wanda ake ɗagawa yana biyan nasa kuɗin. Ɗaukar da muka fi sabawa da ita a gidajenmu, wadda ake zura hannu ta ƙarƙashin hammatar Baba ko Inna a ja sama, tana cikin waɗanda aka daɗe da hanawa a Ingila. Nauyin jiki gaba ɗaya yana komawa kan gaɓar kafaɗa, gaɓar da ba a halitta don haka ba. A wurin mai shanyewar ɓarin jiki, wanda tsokar kafaɗarsa ta saki, jan nan ya isa ya gurɗa ta. Fatar tsufa kuma ta yi laushi, yatsa kaɗai na iya yage ta. Muna yi ne don ƙauna, su kuma sukan daure su yi shiru don kada su zame mana nauyi.

Yadda inji ya shigo ɗaki

Wanda sunansa ya manne da injin a Amurka mutumin garin Oshkosh ne a jihar Wiskonsin, Ted Hoyer, wanda haɗarin mota ya shanye wa jiki tun yana matashi. Wajen tsakiyar ƙarni na 20 ya ƙera, tare da wani ɗan'uwansa, abin da zai riƙa ɗaga shi. Har gobe ma'aikatan jinya a can da sunansa suke kiran irin wannan inji, ko wane kamfani ya yi shi. Mabuƙaci ne ya fara nemo wa kansa mafita tun kafin doka ta waiwayo.

A Birtaniya dokar ɗaukar kaya da hannu ta 1992 ce ta sauya al'amura. Ta ɗora wa mai ba da aiki abu uku: ya kauce wa ɗaukar da ke da haɗari in da hali, ya auna haɗarin wadda ba makawa sai an yi, sannan ya rage shi iya gwargwado. A 1996 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasar, RCN, ta fito da matsayin cewa a daina ɗaga majinyaci da hannu sai a yanayi na musamman ko inda rai ke cikin haɗari. A 1998 aka kafa dokar kayan ɗagawa da ake kira LOLER, wadda ta wajabta a riƙa kawo ƙwararre yana duba duk abin da ake ɗaga ɗan Adam da shi, aƙalla duk wata shida. Amurka ba ta da dokar tarayya a kan wannan. Hukumar OSHA mai kula da lafiya da tsaro a wuraren aiki ta fitar da shawarwari ga gidajen tsofaffi a 2003, jihar Tekzas kuma ta zama ta farko da ta kafa dokarta a 2005.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Masu bincike na NIOSH sun bi gidajen tsofaffi shida na tsawon shekaru shida, kafin a kawo injuna da bayan an kawo, suka wallafa sakamakon a 2004. Neman diyyar rauni daga ma'aikata ya ragu da fiye da rabi, kuɗin da aka kashe wajen sayen kaya da horarwa ya dawo cikin ƙasa da shekaru uku. Duka da yaƙushin da tsofaffi ke kai wa ma'aikata lokacin ɗagawa su ma sun ragu. Wanda ba a murɗe masa kafaɗa ba ba shi da dalilin kai hannu.

Inji uku, mutum uku

Akwai inji mai tayoyi da ke ɗauke mutum cak, ana tura shi daga ɗaki zuwa ɗaki. Akwai wanda ke gudu a kan layin ƙarfe da aka kafa a silin, shi ya fi sauƙi ga bayan ma'aikaci domin babu turawa a kan kafet. Waɗannan biyun na wanda ba ya iya tsayuwa ne sam. Na uku shi ne mai tayar da mutum tsaye: a ɗora ƙafafunsa a kan faranti, gwiwoyinsa su tokare da matashi, a zagaya masa ɗamara ta baya, ya riƙe mariƙi, injin ya taimaka masa ya miƙe.

Wannan na ukun ya fi yaudara. Ma'aikata na son sa don ya fi sauri, tsofaffi na son sa don yana bar musu ɗan abin da ya rage na ƙarfinsu. Amma yana da sharaɗi: ƙafafun mutum su iya ɗaukar wani kaso na nauyinsa, hannunsa ya iya riƙo, hankalinsa ya iya bin umarni. Sharuɗɗan nan ba sa zama wuri ɗaya. Dattijon da ya tsaya garau ranar Litinin yana iya wayar gari ranar Laraba da ciwon mafitsara ya ruɗa shi. Wadda ke da ƙarfi da hantsi tana iya zama laƙwas da magariba. Idan gwiwa ta sage a tsakiyar tashi, ɗamarar kan zame sama ta shaƙe hammata da ƙirji, ko mutum ya sulale ta ƙarƙashinta. Takardar tsarin kulawa ita ke faɗin wane inji, wane majanyin ɗagawa, ma'aikata nawa. Sai dai takardar ba ta ga fuskar mutumin yau da safe ba, kai ne ka gani. In ka ga ya sauya, ka tsaya, ka kira babbar ma'aikaciyar jinya.

Majanyi, inda haɗarin ya koma

A watan Oktoban 2015 hukumar lafiya ta NHS a Ingila ta aika wa asibitoci da gidajen kulawa gargaɗi na musamman kan mutuwa da munanan raunuka sanadiyyar faɗowa daga injin ɗagawa. Wanda ya bi labaran irin waɗannan haɗurra zai ga ba kasafai ƙarfe ke karyewa ba. Matsalar galibi daga majanyin take, wato ƙyallen da ake naɗe mutum a ciki, da yadda aka rataya shi. Inji ya sauke nauyi daga bayan ma'aikaci, ya mayar da shi kan maɗaurai huɗu da kuma kan natsuwar wanda ya maƙala su.

Farko, girma. Majanyin da ya yi yawa, mutum kan zurare ta ramin ƙasa. Wanda ya yi kaɗan yana matse cinyoyi, kuma ba ya rufe kafaɗu yadda zai hana mutum kifawa. Matsakaicin wannan kamfani ba lallai ya zo ɗaya da na wancan ba, haka launin da suke sa wa baki don nuna girma. Auna mutum ake yi, tsawon bayansa da faɗinsa, a rubuta. Tsofaffi kuma suna ramewa, don haka awon bara ba hujja ba ne a bana.

Na biyu, iri. Akwai majanyin bayan gida, mai faffaɗan buɗi a ƙasa don a iya zame wando. Shi ya fi sauƙin sawa, saboda haka shi ne ya fi shiga hannun mai gaggawa. Amma ba ya tallafe kai, ba ya riƙe ƙugu. Wanda ba ya iya daidaita zamansa, ko mai yawan zabura, ko wanda gigin tsufa ya taɓa har yana iya ɗaga hannayensa sama a tsakiyar ɗagawa, bai kamata ya shiga cikinsa ba. Wanda aka yanke wa ƙafa shi ma yana da nasa na daban.

Na uku, haɗi. Wasu majanyan da zobban ƙyalle ake rataya su a ƙugiyoyin sandar rataya da ke bakin wuyan injin, wasu kuma da maƙalli da ake dannawa a kan ƙusa har ya ba da sauti. Ba a haɗa mai zobe da sandar maƙalli, ko da ya ga kamar zai zauna. A kan kowane maɗauri akwai zobba da yawa masu launi daban-daban. A gajarta na kafaɗa a tsawaita na ƙafa, mutum ya tashi a zaune. A tsawaita na kafaɗa, ya tashi a kishingiɗe. Abin da aka zaɓa a dama shi za a zaɓa a hagu. Maɗauran ƙafa kuma, ko a gicciya su ko a bar su, yadda takarda ta ce haka za a yi.

Na huɗu, lafiyar ƙyallen. Kafin kowace ɗagawa a bi ɗinki da yatsa, a duba zobban inda ƙarfe ke goga su, a karanta ƙyallen shaida. Idan rubutun da ke nuna girma da iyakar nauyi ya goge, majanyin ya gama aiki, ko da kuwa ido na ganinsa lafiya lau. Bilic da zafin injin busarwa suna cin zaren a ɓoye. Iyakar nauyi kuma ta mafi rauni ake bi: inji ya ɗauki kilo 200, majanyi ya ɗauki 150, to iyaka 150 ce.

Minti biyu na ɗagawa

An share hanya, an duba batir, an san inda jan madannin tsayawa yake da inda ake sauke mutum da hannu in wuta ta ɗauke. An taka birkin gado da na kujera mai taya. An buɗe ƙafafun injin don ya faɗaɗa gindinsa. A nan sabon ma'aikaci kan yi abin da hankali ya ba shi, ya taka wa injin birki shi ma. Ga inji mai ɗauke mutum cak, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar tayoyinsa a sake lokacin ɗagawa da saukewa, sai fa in littafin kamfanin ya ce akasin haka. Yayin da nauyi ke hawa, injin kan ɗan gusa da kansa ya daidaita a kan mutumin. In an ɗaure shi, mutumin ne zai yi lilo ya je ya bugi ƙarfe, ko injin ya karkace. Mai tayar da mutum tsaye kuwa da birki a take ake tayarwa.

Ana sauko da sandar rataya hannu ɗaya na tare da ita, don kada ta daki goshi. A maƙala zobba. Sai a ɗaga kaɗan, har maɗaurai su miƙe amma mutum bai rabu da katifa ba, a tsaya. Wannan tsayawar ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya. Zoben da ke zaune daram a ƙugiya lokacin da maɗauri ke sake yana iya hawa bakin ƙugiyar ya tsaya a kan tsini, ba mai lura sai nauyi ya hau ya fizge shi. Don haka kowane ma'aikaci ya duba nasa ɓangaren, sannan ya duba na abokinsa, su faɗa da baki. Haka kuma duk lokacin da aka sauke mutum don gyara masa zama za a sake ɗagawa, dubawa ta koma sabuwa, domin maɗauran sun sake.

Daga nan a ɗaga iya yadda zai wuce katifa, kada a ƙara. A tura ta mariƙin injin, ba ta wuyansa ba, ba ta jikin mutumin ba. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na kusa da wanda ke rataye yana kula da ƙafafunsa kada su bugi ginshiƙi. Kujera ake kawowa kusa da gado. Ba a ratsa dokin ƙofa da mutum a sama, domin ƙaramar taya in ta ci karo da tudu, abin da ke sama shi ke yin gaba. Kuma ko ƙararrawar ɗakin maƙwabta na kuka, ba a barin mutum a rataye shi kaɗai.

Wanda ke cikin majanyin

Ma'aikaci na yin wannan sau da yawa a wuni har ya zame masa jiki. Wanda ake ɗagawa kuwa, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, gwiwoyinsa a buɗe, baƙi biyu na tsaye a kansa. In gigin tsufa ya taɓa shi, kullum kamar ranar farko ce. Mai jin tsoro yana sandarewa, yana cafkar sanda, yana miƙe jiki, kuma waɗannan su ne motsin da ke zamar da mutum daga majanyi. Ashe lallashi ma yana cikin matakan tsaro.

A kira shi da sunan da ya zaɓa. A wurinmu ladabi ne ka ce wa tsohuwa Mama. A can wata za ta ji daɗi, wata za ta ce ita ba uwarka ba ce, don haka a tambaya. A durƙusa ido ya ga ido, a faɗi abin da za a yi kafin a yi shi: yanzu za ki ji ya ɗan matse cinyarki, yanzu za mu tashi, ina nan kusa da ke. A rufe cinyoyi da tawul, a ja labule. Kada ma'aikata biyu su riƙa hirarsu ta saman kansa, balle da harshen da ba ya ji. In ya ce a'a, dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ce a ɗauka yana da hankalin zaɓar wa kansa har sai an tabbatar da akasin haka. A ba shi lokaci, a dawo.

Kotu ma ta taɓa shiga maganar. A 2003 Mai Shari'a Munby ya yanke hukunci a ƙarar da aka shigar da ƙaramar hukumar East Sussex a madadin wasu 'yan'uwa mata biyu masu tsananin naƙasa, waɗanda iyayensu suka yi jayayya da tsarin ɗaga su da inji. Ya ce dokar da ta hana ɗagawa da hannu kwata-kwata, ba tare da duban halin kowane mutum ba, da wuya ta tsaya a gaban shari'a. Dole a auna lafiyar ma'aikaci da mutuncin wanda ake kula da shi tare, kada ɗaya ya shafe ɗaya. Hukuncin bai mayar da kowa ga jan hammata ba. Abin da ya hana shi ne a fake da inji a daina tunani.

Ranar da abokin aiki bai zo ba

Duk abin da aka faɗa a sama ana koyar da shi a horon kwana ɗaya. Jarrabawar gaskiya tana zuwa ne da ƙarfe bakwai na safe, mutum goma na jiran a tashe su, abokin aiki ya bugo waya ba shi da lafiya, takarda kuma ta ce wannan dattijon sai mutum biyu. Akwai waɗanda aka tsara musu ma'aikaci ɗaya bayan an auna, da kayan da suka dace, wannan daban. Amma inda aka rubuta biyu, biyu ne. Haka in majanyinsa na wurin wanki, na maƙwabcinsa ba madadi ba ne.

Ga wanda bizarsa ke ɗaure da mai gidan da ya ɗauke shi, kalmar a'a tana da nauyi, kuma masu gidan sun san haka. Sai dai ya kamata ya san inda yake tsaye. Dokar lafiya da tsaro a wurin aiki ta 1974 ta ɗora wa ma'aikaci shi ma alhakin kula da kansa da waɗanda aikinsa ya shafa. In tsoho ya faɗo, abin da masu bincike za su fara ɗauka shi ne takardar tsarin kulawa, su tambayi wa ya danna madanni. An sha cin tarar gidajen kulawa makudan kuɗi bayan irin wannan mutuwa, amma tara ba ta goge sunan wanda ke ɗakin. Dokar 1998 mai kare masu fallasa ɓarna ta ba ma'aikaci damar kai ƙorafi, har zuwa hukumar CQC mai sa ido kan gidajen kulawa a Ingila.

Abin yi a irin wannan safiya ba shi da wuya a faɗa. A gyara wa dattijon kwanciya, a wanke masa fuska, a ɗaga kan gadon a ba shi shayinsa a nan, a gaya masa gaskiyar dalilin jinkirin. A sanar da shugabar aiki, a rubuta lokaci da abin da aka ce. Zai yi ƙorafi, wataƙila 'yarsa ma ta yi in ta zo. Karyewar ƙugu ga mai shekara tamanin da biyar kuwa sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi, kuma jinkirin awa ɗaya bai kai ko kusa da wannan ba.